Allah Yana Ganin Mai Ciki a Kwanakin Annoba

Karatu: Farawa 16:1-14, 1 Sama'ila 4:12-22, Luka 1:39-56

Da yawa a cikinmu ba Hausa muka sha a nono ba. Saboda haka muna roƙonku, in akwai tsohuwa ko amarya a gida wadda ba ta jin Hausa sosai, wani ya zauna kusa da ita ya juya mata maganar da harshen Zaar, ko Jaranci, ko kowane harshe kuke yi a gidanku, gama maganar yau tata ce.

Za mu yi magana a kan mata masu ciki, da damuwar da take kama su sa'ad da annoba ta shigo gari. Maza, kada ku tashi ku ce wannan zancen mata ne. Rabin maganar taku ce.

Abin da ya faru a Bauchi

Bari mu tuna da shekara ta 2020. Cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na fari mai ita a Najeriya, a Legas. Ran 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama annobar duniya duka. Mu a nan muna ganin abin yana nesa, sai ga shi ran 24 ga Maris aka sanar cewa gwamnan jiharmu, Bala Mohammed, ya kamu. Daga ranar nan kowa ya gane cutar ta iso ƙofar gida. Aka rufe makarantu. Akwai makonnin da aka dakatar da taron sujada a majami'u da masallatai. Aka hana acaba, aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha. A watan Mayu labarin mace-mace ya yi ta fitowa daga Azare, har gwamnati ta sa dokar kulle a ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki.

Kowa ya ji tsoro a kwanakin nan, amma tsoron mai ciki ya bambanta da na sauran mutane, domin ita rai biyu take ɗauke da su. Macen da ta ɗauki ciki wajen Kirsimati na 2019 ta haihu wajen Satumba na 2020, wato kusan dukan watanninta ta yi su cikin fargaba. Tana tambayar kanta: in na je awo, ba a can zan kwaso cutar ba? In na yi tari a gaban ma'aikaciya, za a killace ni a raba ni da 'ya'yana? In naƙuda ta zo da dare, ga dokar hana fita, wa zai kai ni asibiti? Mamata tana ƙauye, hanya a rufe, wa zai zauna da ni in yi jego? In cutar ta kama ni, za ta shiga jikin abin da yake cikina? Ga kuma maigida a zaune ba aiki, kasuwar Wunti da ta Muda Lawal ba ciniki kamar dā, kuɗin haihuwa ba a san inda zai fito ba.

Da yawa ba su faɗa wa kowa waɗannan tambayoyi ba. Sun kwana da su, sun tashi da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar fari ta annobar, damuwa da baƙin ciki mai tsanani sun ƙaru a duniya da kashi 25 cikin 100, mata kuwa suna cikin waɗanda abin ya fi taɓawa.

Ran 5 ga Mayu 2023 hukumar ta sanar cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya, muna yi wa Allah godiya. To, me ya sa muke ta da maganar yanzu? Domin annoba ba ta yin sallama ta tafi har abada. Zazzaɓin Lassa yakan tashi da rani, Bauchi kuwa tana cikin jihohin da ya fi kamawa, tare da Ondo da Edo. A 2021 amai da gudawa ya yi mana ɓarna ƙwarai a wannan jiha. Duk ranar da wata cuta ta taso, akwai mace mai ciki a unguwarmu da za ta kwana ba barci. Gara mu koyi darasin tun gari yana lafiya, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna da abu huɗu daga Maganar Allah.

Na fari: Allah yana ganin mai ciki, yana kuma jin kukanta

A Farawa sura 16 mun karanta labarin Hajaratu. Baiwa ce, Bamasariya, baƙuwa a gidan Ibrahim. Ta ɗauki ciki, rikici ya tashi tsakaninta da uwargijiyarta Saratu, aka ƙuntata mata har ta gudu. Ku dube ta da idon zuciya: mace da ciki, ita kaɗai a jeji, ba uwa, ba ungozoma, ba wanda ya san inda take. A bakin wata maɓuɓɓugar ruwa mala'ikan Ubangiji ya same ta. Ya kira ta da sunanta. Ya tambaye ta inda ta fito da inda ta nufa. Ya faɗa mata za ta haifi ɗa, za a kira shi Isma'ilu, domin Ubangiji ya ji wahalarta. Ita kuwa ta ba Ubangiji suna mai nuna cewa shi Allah ne mai gani.

Ku lura, 'yan'uwa, a cikin gidan nan maigida da uwargida suna ce da ita baiwa kawai, amma Allah ya kira sunanta. Bai kuwa tsauta mata don ta ji tsoro ba. Tambayarta ya fara yi, ya bar ta ta faɗi abin da yake damunta da bakinta.

Muna faɗin wannan ne domin a cikin ikkilisiyoyinmu akwai wata koyarwa da take ƙara wa mata nauyi. In mai ciki ta ce tana jin tsoro, sai a ce mata, "Ke ba ki da bangaskiya ne." Sai ta yi shiru, ta ƙara damuwa a kan damuwa, yanzu tana tsoron cuta, tana kuma tsoron ta yi wa Allah zunubi. Wannan ba daidai ba ne. Rifkatu, sa'ad da tagwaye suke kokawa a cikinta har ta gaji da ranta, ta tafi ta tambayi Ubangiji, ya kuwa amsa mata (Farawa 25:22-23). Ubangijinmu Yesu da kansa, da yake magana a kan kwanakin wahala masu zuwa, ya ambaci masu ciki da masu goyo da juyayi (Matiyu 24:19). Ya san nauyinsu ya fi na kowa a irin wannan lokaci. A gonar Getsamani shi ma ya yi baƙin ciki mai tsanani, bai kuwa ɓoye wa almajiransa ba.

Manzo Bulus, a Filibiyawa 4:6-7, ya nuna mana inda za mu kai damuwa: mu mai da ita roƙo a gaban Allah, tare da godiya, salamar Allah kuwa za ta tsare zukatanmu. Bitrus kuma ya ce mu ɗora masa dukan abin da yake damunmu, domin yana kula da mu (1 Bitrus 5:7). Mutum ba ya sauke kayan da ya ce ba ya ɗauke da su. 'Yar'uwa, ki faɗa wa Allah tsoronki ɗaya-ɗaya, da sunansa, da harshen da kika fi iyawa. Allah yana jin Zaar, yana jin Jaranci, yana jin hawayen da ba su da kalma. Zabura 139 ta koya mana cewa shi ne yake saƙa ɗa a cikin mahaifiyarsa, idonsa yana kan ɗan tun bai zama mutum ba. Abin da ke ba ki iya gani a cikinki, shi yana gani.

Na biyu: mu lura da irin labarin da muke kai wa mai ciki

A 1 Sama'ila sura 4 akwai labari mai ban tausayi. Isra'ila ta sha kashi a hannun Filistiyawa. Wani ya sheƙo daga bakin dāga da tufafi a yage, ya shiga Shilo, gari duka ya ɗauki kuka. Matar Finehas, surukar Eli firist, cikinta ya tsufa. Ta ji an ƙwace akwatin alkawari, mijinta ya mutu, surukinta ya mutu, duka a rana ɗaya. Nan take naƙuda ta kama ta. Matan da suke tare da ita suka yi ƙoƙarin ƙarfafa ta, suka ce ta kwantar da hankalinta gama ta haifi ɗa namiji. Ba ta amsa ba, ba ta ma kula ba. Ta sa wa yaron suna Ikabod, ta rasu.

Littafi Mai Tsarki bai ɗora wa wannan mata laifi ba, mu ma ba za mu ɗora mata ba. Amma akwai abu biyu da za mu koya. Labarin ya faɗo mata gaba ɗaya ba wanda ya tare mata. Ta'aziyyar kuma ta zo a makare, a kan gwiwa, lokacin da zuciyarta ta riga ta karye.

A 2020 mai kawo labari ba ya bukatar gudu daga bakin dāga, yana cikin wayar hannu. Kowace safiya ana karanta adadin waɗanda suka kamu da waɗanda suka mutu. A WhatsApp da Facebook ana turo hotunan gawawwaki daga Italiya da Amurka, ana turo jita-jita iri-iri. Wasu suka ce cutar ƙarya ce. Wasu suka ce duk wanda ya shiga asibiti ba zai fito ba. Da allurar rigakafi ta iso Najeriya ran 2 ga Maris 2021, wasu suka ce tana hana haihuwa, wasu har suka ce alamar dabbar nan ce ta littafin Wahayi. Mu masu bi ma mun taya yaɗa irin waɗannan, muna turawa cikin zauren zumunta ba tare da mun bincika ba.

Ga abin da likitoci suka tabbatar daga baya. Yawancin masu cikin da korona ta kama sun warke, sun haihu lafiya. Gaskiya ne cutar takan fi tsananta wa mai ciki fiye da macen da ba ta da ciki, takan kuma sa a haifi bakwaini, shi ya sa ake so a kula da ita sosai. Amma da wuya ƙwarai cutar ta shiga jikin jariri tun yana ciki. An kuma shawarci uwar da ta kamu ta ci gaba da ba da nono, ta wanke hannu, ta sa takunkumi, kada a raba ta da ɗanta. Allurar rigakafin ba ta hana haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta shawarci masu ciki su karɓa. Ashe yawancin abin da ya hana matanmu barci bai kai yadda aka faɗa ba.

Saboda haka, maigida, kai ne mai tsaron ƙofa. Ba mu ce ka ɓoye wa matarka gaskiya ba, ita ba yarinya ba ce. Amma ka zaɓi lokaci, ka zaɓi kalma. Ku ji labarai sau ɗaya a rana daga tashar da kuka amince da ita, ya isa. Da dare a ajiye waya. Iyayenmu mata da surukai, muna roƙonku da ladabi: in kuna zaune da mai ciki, ku daina ba da labarin wance da ta mutu wajen haihuwa, da wance da aka yi wa aiki ba ta tashi ba. Maganar nan da akan yi, wai mai ciki ƙafarta ɗaya tana duniya ɗaya tana kabari, kada a sake yin ta a gidan mai bi. Ku ba ta labarin yadda Allah ya sauke ku lafiya. Ku fara ƙarfafa ta tun cikin yana wata uku, kada ku jira sai ranar naƙuda.

Na uku: kada tsoro ya hana ki zuwa awo

A nan ne rai yake a kan gaba. A kwanakin korona mata da yawa sun daina zuwa awo, wasu suka haihu a ɗaki don tsoron asibiti. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 287,000 suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kimanin 82,000 daga cikinsu a Najeriya. Abin da ya fi kashe su tsofaffin abokan gābanmu ne: zubar jini, hawan jini da jijjiga, zazzaɓi bayan haihuwa, da doguwar naƙuda. Ba mu kawo wannan adadi don mu tsorata ki ba. Mun kawo shi ne domin yawancin waɗannan ana iya hana su in an gane da wuri, wurin gane su kuwa shi ne awo.

A wurin awo ne ake gwada jininki a ga ko ya hau ko ya yi ƙasa. A can ake ba ki maganin ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da allurar tetanus, a kuma duba kwanciyar yaro. Hawan jini yakan shigo ba sallama, mace tana jin kanta garau alhali yana hawa. Tun 2016 shawarar hukumar ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, na fari kuwa cikin wata uku na farko.

Akwai alamun da in kin ga ɗaya daga cikinsu, ko ana annoba ko ana dokar hana fita, asibiti za a nufa nan da nan: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, numfashi da ƙyar, ciwon ciki mai tsanani, fashewar faya kafin lokaci, ko yaro ya rage motsi ko ya daina. A kan zazzaɓi muna ƙara jan kunne. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, yana farawa kamar zazzaɓin sauro, amma yana da haɗari ƙwarai ga mai ciki da abin da yake cikinta, musamman a watannin ƙarshe. Ɓera ne yake kawo shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci. A rufe abinci, a kori ɓera daga ɗaki, in kuwa mai ciki ta yi zazzaɓi kada a tsaya sayen ƙwayoyi a kemis, a kai ta a gwada.

Wani zai ce, "Ai Zabura 91 ta yi mana alkawari annoba ba za ta kusaci gidanmu ba." Muna ƙaunar wannan Zabura, muna kuwa karanta ta. Amma ku tuna, ita ce Shaiɗan ya ɗauko ya karanta wa Yesu a kan hasumiyar Haikali, yana so ya yi tsalle. Yesu ya ƙi, ya nuna cewa yin haka gwada Allah ne (Matiyu 4:5-7). Wanda ya ƙi wanke hannu, ya ƙi rigakafi, ya hana matarsa awo, yana cewa bangaskiya ce, a kan hasumiyar nan yake tsaye. Allah da ya yi alkawarin kāriya, shi ne kuma ya ba Musa dokar keɓe mai cuta har a ga yadda jikinsa zai yi (Littafin Firistoci sura 13).

Allah yana da hannuwa a asibiti. A Fitowa 1:15-21, a lokacin da haihuwar ɗa namiji ta zama abin tsoro ga kowace Ba'ibraniya, Allah ya yi aiki ta wurin ungozoma biyu, Shifra da Fuwa, waɗanda suka ji tsoronsa fiye da tsoron Fir'auna. Haka a 2020, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, da Asibitin Ƙwararru, da ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye, akwai ungozomomi da ma'aikatan jinya, Kirista da Musulmi, da suka ci gaba da karɓar haihuwa alhali su ma suna da 'ya'ya a gida, su ma suna jin tsoro. Mu riƙa sa su a addu'a. Ki yi addu'a kafin ki fita, 'yar'uwa, sa'an nan ki ɗauki katinki ki tafi.

Na huɗu: kada ta ɗauki kayan ita kaɗai

Da mala'ika ya faɗa wa Maryamu za ta haifi Mai Ceto, ta gaskata. Duk da haka ba ta zauna ita kaɗai a Nazarat ba. Ta tashi da hanzari zuwa ƙasar tuddai ta Yahudiya, gidan 'yar'uwarta Alisabatu, wadda ita ma take da cikin wata shida cikin tsufanta. Ta zauna wajen wata uku a can. Yarinya mai cikin fari da dattijuwa mai cikin fari, suna ƙarfafa juna. Ku lura, waƙar yabon Maryamu ta fito ne bayan ta ji gaisuwar Alisabatu. In uwar Ubangijinmu ta bukaci wata mace kusa da ita, wace ce a cikinmu za ta ce ba ta bukata?

Muguntar annoba ita ce tana raba mutane daidai lokacin da suka fi bukatar juna. Da aka dakatar da sujada, taron zumuntar mata ma ya tsaya, ziyara ta tsaya. To, bari ikkilisiya ta shirya tun yanzu. Shugabannin zumuntar mata, tare da matar fasto, ku san kowace mai ciki a ikkilisiyarku, da watan da take sa ran haihuwa. Ku ba kowace ɗaya Alisabatu tata, wato mace mai hankali wadda ta taɓa haihuwa, mai riƙe asiri, wadda za ta riƙa leƙa ta kowane mako. In an hana shiga gida, waya tana nan, bakin ƙofa ma yana nan, ana iya gaisawa daga nesa a ajiye ƙwaryar abinci. Dattawan ikkilisiya, ku ware wani abu daga baiko domin haihuwar gaggawa, ku kuma san wane ɗan'uwa ne yake da mota ko Keke Napep da za a iya tashinsa da tsakar dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan shi ne ɗaukar nauyin juna da Galatiyawa 6:2 take koya mana. Kada kuma alherin ya tsaya a kan 'yan ikkilisiya, maƙwabciya Musulma mai ciki ita ma maƙwabciyarmu ce.

Maigida, yanzu mun zo kanka. Sa'ad da Yakubu yake komowa gida, Isuwa ya so su yi tafiya tare, amma Yakubu ya ce shi zai bi a hankali, daidai da ƙarfin yara da dabbobi masu shayarwa, domin in an kore su da gaggawa ko na rana ɗaya za su mutu (Farawa 33:13-14). Ishaya 40:11 ta kwatanta Ubangiji da makiyayin da yake bi da masu shayarwa sannu-sannu. Kai ma ka rage saurinka. Ka tambayi matarka, "Mene ne yake damunki?" sa'an nan ka yi shiru ka saurara, kada ka katse ta da wa'azi. Ka ɗebo ruwan, ka faskara icen. Ka raka ta awo ko sau ɗaya, ka ji da kunnenka abin da ma'aikaciya za ta faɗa. Tun cikin yana wata bakwai ku yanke shawara tare: a wane asibiti za ta haihu, wa zai kai ta, wa zai zauna da yara, nawa aka ajiye, wa zai ba da jini in an bukata. Ka kuma ba ta izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarka, cewa in wani abu ya taso ba ka nan, a wuce da ita asibiti ba sai an jira ka ba. Rabin damuwar mai ciki yakan kwanta ranar da ta ga an yi shiri.

In damuwar ta zama ciwo

Kowace mai ciki takan yi tunani, wannan ba ya cutar da yaro. Amma akwai damuwar da ta wuce ta kullum. In mace ta yi mako biyu ko fiye ba ta iya barci, ba ta son abinci, tana kuka ba dalili, gabanta yana ta faɗuwa, ba abin da yake faranta mata rai, ko tana tunanin gara ta mutu, to, ciwo ne kamar hawan jini, yana kuwa da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa irin tamu, kusan mata 16 cikin 100 suna fama da irin wannan a lokacin ciki, kusan 20 cikin 100 kuma bayan haihuwa. Wato in mata 50 masu ciki suka zauna a benci ranar awo, wajen 8 daga cikinsu suna ɗauke da wannan nauyi. Kada a ce aljanu ne, kada a ce sammu ne, kada a sa ta azumi da ciki. A yi mata addu'a, a kuma faɗa wa ma'aikaciyar awo, ita za ta tura ta wurin likitan da aikinsa ke nan. In ta yi maganar kashe kanta ko cutar da jariri, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.

Ga waɗanda suka yi rashi

Mun sani akwai masu jinmu da suka yi addu'a, suka je awo, suka yi duk abin da ya kamata, duk da haka cikin ya zube, ko jaririn bai zo da rai ba. Akwai maigidan da ya kai matarsa asibiti ya komo shi kaɗai. Ba za mu ce muku don bangaskiyarku ta gaza ba ne, gama Maganar Allah ba ta faɗi haka ba. Rahila, matar da Yakubu yake ƙauna, wajen haihuwa ta rasu a hanyar Baitalami. Allah bai yi mana alkawarin duniyar da ba hawaye ba. Ya ba mu Ɗansa, wanda ya yi kuka a kabarin Li'azaru, ya mutu domin zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Saboda tashinsa, kabari ba shi da magana ta ƙarshe a kan waɗanda suke nasa. Allah da ya ga Hajaratu a jeji yana ganinku.

A daren da aka bashe shi, Yesu ya so ya kwatanta wa almajiransa baƙin cikin da zai zama farin ciki, sai ya ɗauki misalin mace mai naƙuda, wadda take shan wuya in lokacinta ya yi, amma da ta ga ɗanta sai murna ta rufe wahalar (Yahaya 16:21). Yaran da aka haifa a Bauchi cikin tsoron 2020, ga su nan yau suna tafiya makaranta, suna rera waƙa a makarantar Lahadi. In kin gan su, ki tuna da amincin Allah. In kuwa ba ki riga kin ba da ranki ga wannan Yesu ba, ko kai maigida, yau ƙofa a buɗe take. Ku nemi fasto ko mai bishara na kusa da ku, zai yi murnar yin magana da ku.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, Allah mai gani, muna kawo maka kowace mai ciki da take jin muryarmu. Ka san sunanta, ka san abin da yake hana ta barci. Ka ba ta salamarka, ka tsare ta da abin da yake cikinta daga kowace cuta. Ka ba mazajensu zuciyar tausayi da hannun taimako. Ka tā da mata irin Alisabatu a cikin ikkilisiyoyinmu. Ka ƙarfafa likitoci da ungozomomi da ma'aikatan jinya na jiharmu, ka ba shugabanninmu hikima. Ka ta'azantar da waɗanda suka yi rashi. Ka sauke 'yan'uwanmu mata lafiya, mu taru mu yi maka godiya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Abin yi a wannan mako: ku zauna da iyali ku karanta Farawa 16 tare. Ku tambayi kanku, wace mai ciki ce a gidanmu ko a unguwarmu, yaushe rabonta da awo, wa kuma yake leƙa ta? In ba kowa, ku ne.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.